Faifan Cajin Zailani

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kibiya ya san teburin Zailani, ko da bai san Zailanin ba. Yana nan a gindin darbejiya, daura da inda matan Fulani ke sauke ƙoren nono, janareto na gurnani a bayansa, igiyoyin caji wajen arba'in sun zubo daga allon soket kamar taliyar da aka shanya. Ka kawo wayarka a mace, ya manna mata salatif ya rubuta lamba, ya ba ka 'yar takarda mai irin lambar, ka je ka gama cin kasuwarka ka dawo ka tarar ta farfaɗo. Sana'a ce da ba ta son komai sai haƙuri da kame baki. Haƙurin dai Zailani na da ɗan gwargwado. Bakin ne Allah bai hore masa murfi ba.

In ka zauna a bencinsa za ka ji cewa shi ya tayar da injin markaɗen garin Fammar bayan makanikai uku sun sallama, kuma da ba don ya tsaya kula da mahaifiyarsa Iya ba da yanzu yana ƙasar Sin yana koya musu aiki. Abin da ya fi so a duniya shi ne a kira shi Injiniya. Har fenti ya saya ya rubuta a goshin teburin. Mutanen Kibiya suka karanta, suka yaba kyan rubutun, suka ci gaba da ce masa Zailani Mai Caji.

Arzikin teburin nan kuwa ba mutanen gari ba ne, mutanen Ardo Jabiru ne. A rugarsu ta bayan Fassi babu wuta, don haka duk ranar kasuwa Ardo kan tattaro wayoyin rugar gaba ɗaya a jakar fata, talatin da 'yan kai, ya zube wa Zailani. Ba don ya fi kowa iyawa ba. Marigayi mahaifin Zailani ne mai masaukinsu shekara da shekaru, su kuwa mutane ne da ba sa manta inda suka sha ruwa. A tsallaken hanya akwai wani mai cajin, Ɗayyabu, sa'an Zailani ne, tare suka yi firamare. Shi ba ya cika baki, ba ya rasa lamba, amma ko waya ɗaya ta rugar ba ta taɓa tsallakawa wurinsa ba. Zailani ya san in jakar nan ta tsallaka, teburinsa ya zama na shanya kuɓewa.

Ana nan sai aka yi suna a Rano, gidan kawunsa Alhaji Shamsuddeen mai taki. Bayan an ci waina an watse, Zailani ya ga Kawu ya zaro wata ƙatuwar waya ya ɗora ta a kan wani ɗan baƙin abu mai faɗin tafin hannu. Wayar ta yi ƙara, fuskarta ta haska, caji ya fara hawa.

"Kawu, ka manta ba ka jona ta ba."

"Ba a jona ta. Ɗorawa kawai ake yi."

Zailani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wayar, ya leƙa gefe, ya ɗaga ta cajin ya tsaya, ya mayar cajin ya ci gaba. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Au, wannan ne? Ai na daɗe da tunaninsa. Riga ni fitarwa kawai suka yi."

"To tun da ka san shi, ɗauki wannan, ina da wani a shago. Sai dai fa ka sani, ba kowace waya ce..."

"Haba Kawu. Ni za a koya wa caji? Shekara tara ina kwana da shi ina tashi da shi."

Kawu ya haɗiye sauran maganarsa ya kora da shayi.

Da isarsa gida ya jona abin, ya ɗora wayarsa. Shiru. Ya ɗora ta matarsa Bushra. Shiru. Ya karɓo 'yar ƙaramar wayar Iya mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da kyauro, ita ma ko gezau. Da wani ne, da ya ce wayoyin ne ba irin nasa ba. Zailani ya ce girgizar babur ce ta kwance wani abu a ciki, ya ɗauko sukundireba. Abin ba shi da noti ko ɗaya, don haka ya ɓamɓare shi da ƙarfin tsiya, murfin ya tsage gida uku. A ciki sai ga zaren jan ƙarfe an naɗe shi zagaye bayan zagaye, tun daga tsakiya har baki, shafal.

Zailani ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai, sai ga Iya can a inuwar rumbu da basilla a hannu tana saƙar faifai, zagaye bayan zagaye, tun daga tsakiya har baki.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. "Ashe faifai ne."

Ya kwashi tarkacen ya zube a gaban tsohuwa.

"Iya, dubi abin da aka yi mana. Sun zo sun ga faifanku, sun je sun sa masa baƙar riga, sun dawo suna sayar mana da tsada. Nasu na waya ɗaya ne. Mu da muke da asalin abin, wanda zai ɗauki arba'in za mu yi."

Zailani ɗan fari ne, don haka Iya ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta dubi tarkacen, ta dube shi.

"Kai wannan, abin da ƙanena ya ba ka ɗazu ne ka yi wa haka?"

"Bincike ne, Iya."

"Ka ce ba shi da igiya. Wannan jelar fa da ke bayansa?"

"Wannan ta shan wuta ce. Iya, ki bar mini fannin ilimi, ke dai ki riƙe fannin saƙa."

"Shekara hamsin ina saƙar faifai, ban taɓa ganin wanda ya yi wani aiki ba ban da rufe ƙwarya da sheƙa tsaba."

"Don ba a sa masa jan ƙarfe ba ne."

Iya ta ce ita ba ruwanta. Amma uwa uwa ce, kuma a ƙasan ranta tana son ta ga yadda jan zaren nan zai zauna a tsakanin rinanniyar kaba. Ta ce ya kawo.

Ina za a samo jan ƙarfe? Zailani bai yi dogon tunani ba, don dama ba ya yi. Ya je ya kwance igiyoyin teburinsa kaf, ya zauna a tsakar gida da reza yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya. Bushra ta fito daga madafa ta tsaya a kansa.

"Baban Afra'u, da me za ka yi sana'a gobe?"

"Zamanin igiya ya ƙare, Bushra. Ke kanki nan da wata guda matar Injiniya za a riƙa ce miki."

"Ka bar ko guda biyar mana, saboda halin rayuwa."

"Mai shirin hawa mota ba ya ajiye jaki a gefe."

Igiya arba'in suka ba da abin da bai fi dunƙule biyu ba. Iya ta saƙa ƙananan faya-fayi uku da su, zare ya ƙare. Washegari Bushra ta tafi barka maƙwabta, ta dawo ta tarar da fankarta ta kayan ɗaki a kwance, kai daban, fukafukai daban, mijinta yana warware jan ƙarfen kwayil ɗinta yana naɗewa a jikin kara.

"Fankata ce wannan?"

"Dama ba ta aiki sai an tayar da inji."

"To yanzu ko an tayar fa?"

"Ki yi haƙuri. Ai ga faifai nan birjik, ki riƙa fifita."

Ranar tuwon da ya ci ba gishiri a miyarsa, kuma bai tambayi dalili ba.

Kwana huɗu Iya na saƙa. Aka sami ƙanana tara da wani babba mai faɗin tabarmar salla, wanda Zailani ya raɗa wa suna Uwar Faifai. Gaskiya sun yi kyau. Iya ta bi ja da kore da ruwan ɗorawa, jan ƙarfen na bin tsakani, in rana ta doke shi sai ya riƙa walƙiya. Ko Bushra da ke fushi sai da ta ɗaga ɗaya ta juya shi kafin ta tuna tana fushi ta ajiye.

Aka zo gwaji. Zailani ya ciro batirin babur ɗinsa, ya maƙala masa bakin zaren wani ƙaramin faifai, ya ɗora wayar Iya da ta mutu tun jiya. Ya naɗe hannu ya jira. Can ya taɓa faifan ya ji ɗumi.

"Kun ji? Yana shiga."

Ya danna makunnin wayar. Kowa ya san halin irin waɗannan ƙananan wayoyi, in sun kwana a mace sukan tara ɗan numfashin da za su buɗe ido. Wayar ta haska, ta rera 'yar waƙarta ta tashi. Zailani ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Gani ya kori ji!"

Bai tsaya ɗaukar hular ba ya fizge batirin ya yi waje. Ko zaure bai kai ba wayar ta sake rufe ido.

"Kai wannan," Iya ta kira, "ta fa koma."

Ina, ya yi nisa. Ya mayar da batirin, ya buga babur, babur ya ce bai san zancen ba, faifai ya tsotse shi. Haka ya taka da ƙafa har bakin kasuwa, ya zarce teburin mai shayi inda ya san zai sami jama'a. Ɗayyabu na nan yana shan shayinsa.

"Jama'a, ku shaida. Ranar kasuwa mai zuwa za a fara caji ba igiya a garin nan. Ka ɗora, ka ɗauka. Masu igiya kuma sai su fara neman awakin ɗaurewa."

Ɗayyabu ya hura shayinsa. "Na ji labarin abin. Amma an ce sai wayar da aka ƙera da shi a cikinta."

"Wa ya ce?"

"Haka na gani a rubuce."

"To ni ba a rubuce na gani ba, da idona na gani. Wayar Iya da aka ɗaure da kyauro ta ɗauka, balle ta mutane."

"Cajin sanda nawa ya hau?"

"Ban tsaya ƙirga ba. Hassada ga mai rabo taki ce, Ɗayyabu."

"Allah ya ba da sa'a. In ka ga da saura, ina da igiya biyu da ba na amfani da su."

"Riƙe abinka, ka yi wa jikokinka tarihi da su."

Kafin magariba labari ya kai har ƙauyen Kahu. Dokin mai baki ya fi gudu.

Ranar kasuwa tun da hantsi gindin darbejiya ya cika. Zailani ya sha farar shadda, ya soke biro uku a aljihu. Ya shimfiɗa Uwar Faifai a kan teburi, ya jera ƙananan a kan benci, ya ajiye batirin da ya aro a ƙarƙashi. A saman rubutun da ke goshin teburin ya ƙara wani: CAJI BA IGIYA. Iya ma ta zo da mayafinta ta zauna can gefe a kan turmin mai fura. Ta ce in abin kunya ne gara ta gani da idonta, kada a kai mata shi gida da ƙari.

Sai ga Ardo Jabiru, dogon dattijo da malafa da sanda a kafaɗa, jakar fata a rataye. A bayansa uwargidansa Juwairiyya ce da ƙwaryar nono a ka. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi iyali. Ardo ya dubi allon soket ya gan shi tsirara.

"Ɗan mai masauki, ina igiyoyin?"

"An wuce wurin, Ardo. Yanzu igiya sai shanu."

"To. Mu dai abin da ba a ɗaure ba, ba ma sakin jiki da shi." Ya sauke jakar, ya zaro tasa wayar daban. "Ka ga wannan? Ɗana Amiru ya yi kudu da shanu, yau kwana ashirin ban ji muryarsa ba. Ya aiko cewa yau da la'asar zai hau dutse inda ake samun sabis ya kira ni, don ya san ranar kasuwa ce kaɗai wayata ke da rai. In ya kira bai same ni ba, sai wani makon, uwarsa kuwa ba ta barci. Ka cika mini ita kafin la'asar."

"La'asar? Ardo, kafin ka gama shan fura ta cika ta tumbatsa."

"Na ji. Amma in la'asar ta yi tana mace, jakar nan ba za ta sake sauka a nan ba. Na faɗa maka a gaban mahaifiyarka."

Zailani ya yi dariya, ya jera wayoyin a kan Uwar Faifai, ta Ardo a tsakiya, ya maƙala batir. Jama'a suka miƙa wuya. Kowa ya zuba ido kamar ana jiran ganin wata.

Bayan rabin sa'a wani saurayin rugar ya ɗauki tasa ya danna. Ba ta motsa ba.

"Ba ka ɗora ta daidai ba," in ji Zailani. "Kifa ta."

Aka kife wayoyi duka. Aka jira. Ba labari.

"Salatif ɗin nan ne ke tarewa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɓare lambobin da suka shekara a jikinsu. Wayoyin kuwa kusan duk iri ɗaya ne, baƙaƙe masu tocila, sai ga shi ba wanda ya san tasa. Gardama ta kaure a tsakanin samarin rugar, wannan ya ce tasa ce mai tsaga a gefe, wancan ya ce ai duka suna da tsaga a gefe.

"Ku ja da baya," Zailani ya daka musu tsawa, gumi na bin wuyan shaddar. "Kun yi masa rumfa, numfashinku na raba masa hankali."

Jama'a suka ja da baya taku uku. Wani mai goro ya tambaya ko su daina numfashin ne gaba ɗaya. Wata mai ƙosai ta ce a bar wayoyin su huta, sun saba da igiya, baƙunta suke yi. Zailani bai gane tsokana ba ce, ya nuna ta da yatsa ya ce ga mai hankali nan guda ɗaya a kasuwar.

Aka yi azahar, aka dawo. Ardo ya sha fura, ya sake shan wata, ya zauna a kan dugadugansa yana duban inuwar darbejiya tana tafiya gabas. Daga tsallake Ɗayyabu na ta manna salatif abinsa.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Shamsuddeen, ya zo daga Rano duba masu sarin takinsa, ya ga taro ya ratso.

"Zailani, me ake rabawa?"

"Kawu, sannu da zuwa. Irin abin nan naka ne na faɗaɗa."

Kawu ya dubi Uwar Faifai, ya dubi 'yar'uwarsa a kan turmi. Iya ta kau da kai.

"Ina wanda na ba ka?"

"Na yi masa tiyata."

"Ya tashi?"

"Ya ba da gudummawarsa ga ilimi."

Kawu ya cire tabarau ya goge. "Maganar da ka hana ni ƙarasawa ke nan ran suna. Ko na gaskiyar ba kowace waya yake yi wa aiki ba. Sai wadda aka ƙera da irin naɗin nan a cikin bayanta, su biyun su gane juna. Waɗannan masu tocilar ko shekara za su yi a kansa ba abin da za su ji. Balle wannan, da Yaya ta saƙa da basilla."

Kasuwa ta ɗauki guna-guni. Nan ne fa mai hankali zai ce a yi haƙuri, ya tsallaka ya aro igiya biyun nan. Zailani ya dubi jama'a, ya dubi rubutun goshin teburinsa, ya ji ba zai iya ba.

"Kawu, da girmanka, wannan bayanin 'yan kasuwa ne don a sayi babbar waya. Matsalar ɗaya ce, wuta ta yi kaɗan. Batirin babur ina zai ciyar da waya talatin?"

Ya fizge bakin zaren daga batir, ya cusa su a soket, ya zagaya bayan teburi ya ja igiyar janareto.

"Kai wannan," in ji Iya, "kaba ce fa."

Inji ya tashi. Da farko ba abin da ya faru, har Zailani ya fara gyara wuyan riga. Sai wani ƙauri ya tashi. Jan zaren ya yi jajir, hayaƙi ya fara fita zagaye bayan zagaye, tun daga tsakiya har baki, yadda Iya ta bi da shi.

"Kun gani?" in ji Zailani. "Ƙarfin shiga ne."

Uwar Faifai ta kama da wuta. Janareto ya yi tari biyu, ya saki wata ƙara, ya mutu. Samarin rugar suka yi kukan kura suka wawashe wayoyi, kowa ya damƙi wadda hannunsa ya kai. Ardo, da tsufansa, ya sa ƙugiyar sandarsa ya fizgo tasa daga tsakiyar wutar ta faɗo a yashi. Zailani ya cire hula yana dukan wutar, hular ma ta kama. Ruwa babu a kusa. Juwairiyya ta sauke ƙwaryarta, ta yi bisimilla, ta sheƙa nonon gaba ɗaya a kan teburin, rabi a wuta, rabi a farar shadda.

Wuta ta mutu. Nono na ta ɗiga daga gemun Zailani. Daidai nan ladan ya kira la'asar.

Ardo ya ɗauki wayarsa ya hure yashin, ya danna. A mace take, gefenta ya ɗan narke. Bai yi faɗa ba, bai ko dubi Zailani ba, kuma wannan ne ya fi komai taɓa Zailani, don tun yana yaro dattijon nan ke kawo masa kindirmo a 'yar ƙwarya. Ardo ya rataya jakarsa ya tsallaka hanya. Ɗayyabu ya riga ya ware igiya ɗaya yana riƙe da bakinta. Ya jona, ya ce Ardo ya je ya yi salla. Ardo ya ce a nan zai yi, ya shimfiɗa mayafinsa a gefen teburin. Yana sallamewa wayar ta ɗauki ƙara.

Duk kasuwar ta ji muryar dattijon ta canza. Ya yi ta magana da Fulatanci, wayar manne da kunne, igiya ta hana shi miƙewa, shi kuwa ko a jikinsa. Juwairiyya, uwar Amiru, ta ruga ta karɓa, tana dariya tana share ido da gefen zane.

Da ta dawo ɗaukar ƙwaryarta sai ta tsaya a gaban bencin da ƙananan faya-fayin suke, wuta ba ta taɓa su ba. Ta ɗaga ɗaya, rana ta doki jan zaren. Ta kifa shi a bakin ƙwaryar, ya zauna ɗas.

"Wannan na ɗauka a madadin nonona," ta ce. "Wa ya saƙa?"

"Ni na ƙirƙiro..." Zailani ya fara.

"Ba kai na tambaya ba, mai gemun nono. Hannun mace ne wannan."

Iya ta taso daga kan turmi, ta ture ɗanta gefe, ta zauna a kujerarsa. Kafin a yi haka matan rugar sun yanyame bencin, kowace na son ƙwaryarta ta fi ta 'yar'uwarta walƙiya. Faya-fayi takwas suka tashi a tsaye, wasu matan har da roƙon a saƙa musu kafin kasuwa ta gaba.

Da yamma Ardo ya biyo ta gindin darbejiya. Zailani na tsugune yana kankare baƙin teburi.

"Amiru lafiya lau, shanu lafiya lau," in ji Ardo. "Na ce bari in gaya maka, don na san za ka so ji."

"Alhamdu lillahi. Ardo, ka ga, da an ƙara mini mako ɗaya..."

"Saboda mahaifinka ba za mu bar gindin bishiyar nan ba. Matanmu za su riƙa zuwa wurin mahaifiyarka. Wayoyi kuwa sun tsallaka."

Zailani ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kankare teburinsa.

Kasuwa ta gaba teburin na nan a inda yake, an goge CAJI BA IGIYA, faya-fayi sun cika shi. Iya ce a kujera. Zailani na ƙasa a kan tabarma da reza da tulin matattun fankoki da ya bi gari ya tattaro, yana warware mata zare. Duk wadda ta tsaya taya faifai sai ya gaya mata cewa fasahar tasa ce, kuma akwai mutanen Kano da ke neman sa a kan maganar. Iya takan ce, "Kai wannan, miƙo jan," ya miƙa.

Wajen azahar ya laluba aljihu ya ga wayarsa ta mutu. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya bari sai da ya ga kamar hankalin mutane ya yi wani wuri, sannan ya tsallaka. Jakar fatar Ardo na rataye a ƙusar teburin Ɗayyabu. Ya ajiye wayar ba tare da ya ɗaga ido ba.

"Bincike nake yi a kan yadda tsohon tsari ke aiki," ya ce.

"Madalla," in ji Ɗayyabu.

Ya jona ta, ya yago salatif ya manna, ya ɗauki biro. Zailani ya miƙa hannu karɓar 'yar takardar lamba.

"Kai ba ka buƙatar lamba. Ba mai rikita taka da ta wani."

Da la'asar ya dawo ya karɓa, ta cika fal. Sai da ya kai tsakiyar hanya ya juya bayanta. A jikin salatif ɗin, da kyakkyawan rubutun Ɗayyabu, an sa: INJINIYA.

Ya tsaya nan yana kallo har wani mai amalanke ya ce ya ba shi hanya. Ya san tsokana ce, duk Kibiya ma ta sani. Amma shekara tara yana jiran wani ya rubuta kalmar nan da hannun da ba nasa ba. Ya sa babban yatsa ya danne gefen salatif ɗin da ya ɗan ɗago, ya mayar da wayar aljihu, ya koma wurin Iya.